Na'urar da Alassani Ya Bari a Kunne

Litinin, 14 ga Yuli, bakwai da rabi na safe

Bakwai da rabi lokacin Yaya Alassani ne. Shekara shida, da na buɗe biro, wato ofishina na zanen gini, na kunna na'ura, kafin in kai kofin koko baki sai waya ta yi ƙara daga Dapaong: "Ɗan kasuwa, ka tashi, ko kana can kana shirya ƙaryar yau?" Yau na zauna ina kallon wayar har kokon ya yi fata. Shi ne na jawo wannan littafin awon fili da rabinsa ya rage, na ce bari in riƙa yi masa magana. Takarda ba ta da bakin mayarwa.

Na buɗe makullin rumbu. Dannawa uku ne kacal. Kwana ashirin da uku ina rantsuwa ba zan buɗe ba, ashe dannawa uku ne.

Litinin, bayan azahar

Matata Husseina ta kawo mini abinci da kanta, abin da ta daina tun da aka haifi Zahra. Ta tsaya a kaina.

"Baban Zahra, wane rumbu ne kake ta ambata cikin gida, kai da ko zangarniya ɗaya ba ka taɓa nomawa ba?"

Na nuna mata. Na ce ta dubi gefen allon na'ura, wannan jerin ƙananan hotuna shi ake kira palet. Kamar tiren ɗan koli yake: ƙofa, taga, matakala, rijiya, itacen mangwaro, an riga an zana an jera, in kana zanen gida sai ka ɗauko ka dasa inda kake so. Ni a nan Sokodé, Yaya a Dapaong, tire ɗaya muke amfani da shi. Yana ajiye cikin babbar na'urar da ke ƙarƙashin teburina, Yaya ne ya raɗa wa wurin suna rumbu. Da safe kowa ya buɗe, na'urarsa ta ɗebo tiren ta rezo, wato ta intanet. In ya rufe, ta mayar da shi yadda yake a hannunsa. To wanda ya rufe a ƙarshe, nasa ne ke zama, na ɗayan ya shafe.

"Ashe allon makaranta ne," in ji ta. "Wanda ya zo baya ya wanke ya rubuta nasa. To me ya sa ka kulle masa?"

Na ce miyar ta yi gishiri. Ba ta yi ba, ita ma ta sani.

Talata, 15 ga Yuli, hantsi

Yau ake sadakar bakwai ta Yaya Alassani. Ban je ba. Na aika da buhun masara da goro ta hannun direba. Goro ba shi da fuska, zai iya shiga gidan.

Laraba, 16 ga Yuli, sha ɗaya saura

Sunansa ya fito a waya. Sai da na dafa tebur. Wannan karon na ɗauka.

Yaya Ummusalma ce, matarsa. Wayarsa ke hannunta yanzu. Muka gaisa, na yi mata abin da ake yi, na ji muryata kamar ta mai karanta sanarwa a rediyo. Ta gode da masara. Sai ta ce:

"Siddiƙ, na'urarsa tana kunne."

Na ce wace?

"Ta ɗakin aiki. Yadda ya bar ta. A lopital, kan gadon asibiti, ya riƙe hannuna ya ce kada in bari ta mutu, kuma kada kowa ya taɓa ta sai kai. Ban san abin da ke ciki ba. Ina dai kula da batir."

Ni na san abin da ke ciki, ko in ce na san irinsa. Duk abin da Yaya ya zana ya ɗora a tire tun ranar da na kulle bai shiga rumbu ba, don na hana shi ajiya. Yana rataye ne a cikin na'urar kawai, kamar kaya a kan ɗan dako da bai samu wurin saukewa ba. Muddin tana kunne yana nan. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke batir ya ƙare, shi ke nan, ko gutsure ba za a samu ba. Aikinsa na ƙarshe a duniya ke nan, ni kuma ban san ko mene ne ba.

Ta tambayi Husseina da Zahra. Ba ta tambaye ni komai game da Talatar da ya rasu ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Ranar kasuwa. Na bi ta layin masu caja, inda teburina yake a da. Wani ne a wurin yanzu, bai ma iya kiran ciniki ba.

A nan Yaya ya tsince ni. Ana rigima kan iyakar rumfa tsakanina da wani mai takalma, na yagi kwali na zana layin gaba ɗaya, rumfa rumfa, har da kwata, na ɗan matsar da iyakata taku ɗaya. Wani dogon mutum mai fensir a kunne ya karɓi kwalin ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ka ci taku ɗaya a nan. Amma hannun da ya iya cin taku ɗaya ba a gane ba, asara ne ya ƙare a cajar bogi." Karatuna a kolej ya tsaya, shi ya ɗora mini sauran. Da iyalinsa suka ja shi Dapaong, ni na haɗa mana rezo, don shi zane ya sani, na'ura kuwa gaisuwa kawai suke yi.

Bari in rubuta yadda aka yi, sau ɗaya, in huta.

Watan jiya na je Lomé, na kwaso kaya talatin da ɗaya daga biron wani babban mai zane. Aro ne, sai dai mai kayan bai san ya ba da aro ba. Ƙofar gilas mai zamewa, garejin mota biyu, bandakin Turawa, tafkin wanka, matakala mai murɗiya. Mako guda ina gyara su kafin in jera a tire. Ina ɗaukar hotonsu ina tura wa Yaya don in ba shi haushi, ina cewa ga zamani, ka ajiye murhunka. Don shi tirensa murhu mai duwatsu uku ne, rumbun Mobawan Dapaong mai hular ciyawa, turken akuya, wurin alwala, da kibiyar alƙibla da yake dasawa a kowane zane don kada bandaki ya fuskanci gabas.

Ranar Juma'a na gama jerawa na rufe da wuri na tafi masallaci. Shi ya buɗe tun da safe, kafin nawa su shiga, bai rufe ba sai yamma. Asabar da safe ga wani Alhaji ɗan Aouda da ya dawo daga Jamus zaune kusa da ni, na cika masa baki, na buɗe. Murhu. Turke. Rumbu. Ɗan kile ɗin kuwa, ɗan ma'ajin da ake soka wa na'ura, wanda na kwaso kayan a ciki, na riga na wanke shi, don ɓarawo mai hankali ba ya ajiye shaida. Alhajin ya ce, "Wannan ne zamanin?" Ya ɗauki makullin motarsa.

Na kira Yaya. Ya ce, "Subhanallahi, laifina ne, yi haƙuri." Sai ya yi kuskure ɗaya, ya yi dariya da na ambaci turken. Na ce masa kayan ƙauyensa sun kashe mini kasuwa. Na ce hannunsa na zamanin takarda ne. Na ce wani abu kuma da ba zan rubuta ba. Na kashe waya na kulle rumbu: ya iya ɗiba, ba ya iya zubawa.

Bayan kwana biyu ya kira. "Ɗan kasuwa, na'ura ta ce ba ni da izinin ajiya."

Na ce haka ne.

Sai ya ce, "To ba zan rufe ba sai ka buɗe."

Ni da na tashi a kasuwa na san wannan magana. Ciniki ne. Wanda ya fara sassautowa shi ke faɗuwa. Daga ranar na daina ɗaukar wayarsa.

Asabar, 19 ga Yuli, safe

Na rubuta, ban huta ba. Ƙarya ce ake yi.

Litinin, 21 ga Yuli, kafin azahar

Malam Awwal na Tchamba ya zo karɓar zanen makarantarsa, aji huɗu da bandaki uku. Ya sa tabarau ya bi layi da yatsa, bai tsaya ko'ina ba sai kan bandakin.

"Ina kibiyar?"

Na manta da ita. Na ɗauko ta daga tsohon tiren na dasa. Sai ga bandaki biyu sun ba gabas baya sak. Na juya su a gabansa.

"Allah ya ji ƙan yayanka," in ji shi. "Shi ba sai an tuna masa ba. Ka samu jana'iza?"

Na ce hanya ta yi nisa, Malam, labari bai iso da wuri ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. Irin mutanen nan da suka shekara talatin yara na yi musu ƙaryar ciwon ciki, ba a sayar musu da komai. Ya naɗe takardarsa a hankali. "Ta'aziyya ba nama ba ce, ba ta ruɓewa," ya ce. "Mai kai ta ne ke nauyi kullum. Ka gaida Husseina."

Talata, 22 ga Yuli, bakwai da rabi

Mako biyu.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Yaya Ummusalma ta kira. Kwana biyu ana ruwa a Dapaong, rana ba ta leƙo ba, kuran kuma tun jiya da hantsi. Fitilar batir ta bar kore ta koma ruwan ɗorawa. Ta cire firij. Ta cire fanka. Wayar ma gidan maƙwabta ake kai mata caji. Da ruwa ya tsagaita takan ɗaura tsumma a kan gora ta goge farantin rana mai cajin batir da ke kan rufi, don tana takaba, ba za ta nemo mai tsani ba.

Sai ɗan kasuwan da ke cikina ya ɗago kai. Na ce, "Yaya, abin ba wuya. Rumbu a buɗe yake yanzu. Ki motsa linzamin na'urar, in faɗa miki kalmar sirri, ki danna inda zan ce, shi ke nan, ki mayar da firijinki."

"Ya ce kai."

"Ai ni ne, ta bakina za ki yi."

"Siddiƙ, ban iya karatun na'ura ba, amma na san bambancin baki da hannu. Ya ce kai."

Na ce to ko hoton allon ta ɗauka mini. Ta ce allon baƙi ne, sai an taɓa yake farkawa, ita kuma ba za ta taɓa ba. Shekara ashirin ina lallashin mutane su sayi abin da ba sa so. Matar nan ko ƙofar ciniki ba ta buɗe mini ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, azahar

Rana ta fito a can. Kore. Na ci abinci.

Asabar, 26 ga Yuli, magariba ta kusa

Na tafi yau. Wato na fara tafiya.

Na je tasha da sassafe, na samu kujerar taga. Mun ratsa dutsen Aledjo, mun wuce Bafilo, duk ina shirya abin da zan faɗa a ƙofar gida. Na shirya iri uku, kowanne ya fi wani kyau. A Kara mota ta tsaya ɗaukar kaya, na sauka sayen ruwa. Na sayi ruwan. Na tsaya ina kallo yaron mota yana kirana, mai farar riga, mai farar riga. Motar ta tashi. Na tsallaka titi na shiga ta Sokodé.

Na ce wa Husseina gada ce ta lalace bayan Kanté. Ta ce Allah ya gyara ta.

Lahadi, 27 ga Yuli, hantsi

Ban fita ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan azahar

Mamadou, ƙanen Yaya na Korbongou, ya kira ni. Mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ke zuwa ba sallama.

"Kai ne Siddiƙ? Matar yayana tana zaune cikin zafi ba fanka, ruwan sanyi babu, tana jinyar ƙarfe. An yi jinyar mutum an gama. In kana da abin yi da shi ka zo ka yi. Ranar Asabar zan shigo kasuwa, in na same shi a kunne zan zare waya, kowa ya huta."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce haƙurin ita ke yi, shi saƙo ya kawo.

Ba shi da laifi. Na nemi laifinsa tun azahar, ban samu ba.

Laraba, 30 ga Yuli, bakwai da rabi

Sau bakwai. Bari in rubuta adadin ko hannuna zai saba.

Ranar Talatar, tsakanin hantsi da azahar, sunansa ya fito sau bakwai. Ina zaune ina cin wagashi, cukun nan, soyayye. A na uku na yi murmushi. Na ce wa Husseina, kin gani, dattijo ya sassauto, gobe zan ɗauka in buɗe masa, bari ya kwana ɗaya. Na kife wayar a kan tabarma na ƙara yaji.

Da na ji labari an riga an dawo daga maƙabarta.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan asuba

Na fito daga masallaci na tarar da jakata a bakin ƙofa, a ɗaure. Husseina na zaune kan turmi.

"Baban Zahra, na tambayi direbobi, gadar ta warke."

Na buɗe baki.

"Kada ka sayar mini da komai da safen nan. Ina wurin ranar. Ni na ga ka kife wayar, ni na miƙo maka yajin. Mako uku muna ɗauke da abin nan mu biyu, wuyana ya gaji. Ka kai shi inda za a sauke maka."

Na ce sai gobe, akwai abin da zan yi a biro. Ta ɗauka wata gadar ce. Wannan karon gaskiya ne.

Alhamis, bayan la'asar

Na rufe tawa na'urar. Dole ni in fara rufewa. In tawa tana buɗe na je can na rufe tasa, ranar da na dawo na rufe tawa sai tsohon tiren ya hau kan nasa ya shafe, in yi masa abin da ya yi mini. Na rufe, na duba sau biyu, na bar babbar na'ura kawai a kunne, na kai wa Husseina makullin biro. Na ce ko gobara ce kada kowa ya buɗe zane.

Ta saka makullin a bakin zane ta ƙulle.

Juma'a, 1 ga Agusta, Dapaong, bayan la'asar

A Kara ban sauka ba. Na riƙe ƙishirwata har Mango.

Duk jawabin nan uku da na shirya, ko ɗaya bai biyo ni cikin gidan ba. Na yi sallama, na durƙusa daga nesa, na ce, "Yaya, na zo." Tana zaune kan tabarma a bakin ɗakinta da carbi, ta rame, tana fifita da murfin kwano. Ta ce, "Sannu da hanya. Ka sha ruwa tukuna. Ba sanyi, ka yi haƙuri."

Na sha. Na ce akwai abin da zan faɗa mata game da wayar.

"Na sani," in ji ta. "Ni ke kira. Uku na farko shi ya ce in kira, yana iya magana lokacin. Sauran huɗun ni ce."

Na tambaye ta me ya ce da ban ɗauka ba. Ban so in tambaya ba, bakina ne.

"Ya ce, bar shi, yana ciniki ne, gobe zai ɗauka." Ta ja carbi ɗaya. "Ya san ka. Tashi, ɗakin a buɗe yake."

Kujerarsa a ture, kamar wanda ya tashi zai dawo. Fensir kan tebur. Ta ce da hantsin ranar Talatar ya ce kansa na sara, bari ya ɗan kishingiɗa. Na'urar tana gurnani a hankali, jikinta da zafi, an share mata ƙura tsaf. Na zauna. Na motsa linzami, na sa kalmar sirrin da ni na zaɓa masa don kada ya manta, sunan garinsu ne.

A gefen allo ga tsohon tirenmu. Kusa da shi ga sabon shafi. Ya sa masa suna Ɗan kasuwa.

Na buɗe. Garejin mota biyu. Matakala mai murɗiya. Tafkin wanka. Tagar aluminiyom. Kayana ne na Lomé, waɗanda ya shafe. Daga hotunan nan da nake tura masa don in ba shi haushi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sake zanawa, layi layi, da hannun zamanin takarda. Na ƙirga, ashirin da tara. Kwana goma sha bakwai yana zana mini su, ba wurin ajiya, shi ya sa ba zai rufe ba. Ni ina Sokodé ina jiran ya rage farashi.

Kuma bai iya barin halinsa ba. A kusurwar garejin ya dasa turken akuya. A bakin tafkin wanka ya yi ɗan dakali na alwala. Bandakin Turawan kuwa, ya manna masa ƙaramar kibiyar alƙibla a jiki, yadda duk inda ka dasa shi sai ta biyo. Na yi dariya. Daga nan ban san abin da na yi ba, na dai ji Yaya Ummusalma daga waje tana cewa, "Bar shi, Mamadou, kada ka shiga." Ashe bai jira Asabar ba.

A tsakiyar allo ga na talatin, ƙofar gilas mai zamewa, rabi. Ya fara jan layi, ya dasa bakinsa ɗaya, bai dasa ɗayan ba. Layin yana rataye a linzami. Na matsa dama ya biyo ni, na matsa hagu ya biyo ni. A ƙasa na'urar ta rubuta tana jiran wuri na gaba. Kwana ashirin da huɗu tana jira.

Na daɗe ina yawo da layin nan. Muddin ban dasa ba, hannunsa ne a ɗaya bakin.

Aka kira la'asar. Na dasa shi inda ya dace, mita ɗaya da tamanin. Na ƙarasa ƙofar, na ɗora ta a tire. Na duba rezo, yana nan. Na ajiye. Na rufe. Ta yi ɗan jim, ba ta ce ba izini ba.

Na kashe ta. Ɗakin ya yi shiru irin wanda ban shirya masa ba.

Na fito na ce an gama. Mamadou ya shiga ya jona fanka, ya juyo da ita wajen tabarmar. Yaya Ummusalma ta ajiye murfin kwanon. Ta ce, "Mene ne a ciki?"

Na ce kayana ne.

"Na yi zato," in ji ta. "Yana zane yana dariya shi kaɗai."

Asabar, 2 ga Agusta, hantsi

Mamadou ya kai ni maƙabarta a babur. Ba zan rubuta wannan ba.

Litinin, 4 ga Agusta, Sokodé, bakwai da rabi

Husseina ta kwance makulli daga bakin zane. Na kunna, na buɗe. Na ɗan rufe ido kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Ya iso. Ɗan kasuwa, kaya talatin. Na talatin da ɗayan wani kwanon wanka ne mai kumfa, bai kai gare shi ba. Ba zan zana shi ba.

Kafin in taɓa komai na koma rumbu na sa makulli. Wannan karon ni ne ba ni da izinin ajiya. In ɗiba, kada in zuba. Yaya ne ya rufe a ƙarshe, haka za ta zauna.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Kokon ya yi fata.

Laraba, 6 ga Agusta, kafin azahar

Alhajin Aouda ya dawo. Wai masu zanen Lomé sun cika jan rai. Na buɗe masa sabon shafin, ya ga matakala, ya ga tafki, ya gyara zama. Muka dasa bandaki a ɗakinsa na sama. Ya kai yatsa kan allo.

"Wannan 'yar kibiyar fa? Cire ta, tana ɓata zanen."

Na ce, "Alhaji, ba ta cirewa. Haka ta zo daga wurin mai ita. Sai dai mu juya bandakin ya bi ta."

Ya yi tsaki, ya ce to a juya.

Tana cirewa. Dannawa biyu ne.